Jirgin Laka na Mamman

Ƙanwata Hajo, ina gaishe ki. Ina gajiya, ina maigida da yara? Mu nan Dakoro lahiya lau.

Ɗana Mamman ya komo daga yaƙin Nasara, amma bai koma gona ba. Wuni yake tsakar gida yana gina jirgin ƙasan da ya kwashe su, da laka da kara, har da hanyarshi da 'yan sojoji. Na tambaye shi ƙanenshi Idi, da suka tahi tare. Sai ya kwantar da soja guda bakin hanya, ya ce, "Inna, nan ya sauka."

Ban yi kuka ba. In ina shara, kewaye wurin nake. Jiya hadari ya taso, na kihe ƙwarya bisa Idi kada ruwa ya narkar da shi.

Ki sa mu addu'a. Ki gaida mutanen gida.