Baba Yusufu Ya Nemi Fada a Makka

Unguwar Hindawiyya, Makka, daren Laraba, Rajab 1368

Yau da hantsi Baba Yusufu, tsohon nan da ya musulunta a garin Farlami, kan hanyarmu ta zuwa Makka, ya biyo ayarinmu, ya shigo shagona ya durƙusa gaban keken ɗinki. Wai wani zunubi ya hana shi cin abinci, zai faɗa mini yadda ya saba faɗa wa Fada a coci.

Na ce, "Haba Baba, ni fa tela ne! Rufa wa kanka asiri, ka gaya wa Allah."

Ya ce, "Na sani, Malam. Amma shi Fada yakan ce an yafe maka, in ji da kunnena."

Sai na rufe shago na kai shi Harami, gab da ƙofar Ka'aba, na ja da baya yadda ba zan ji ba. Ya daɗe yana raɗa, har rana ta dame ni.

A hanya na tambaye shi ko ya ji amsa. Ya ce a'a, yunwa dai yake ji.

Alhamdu lillahi. Har yanzu ban san laifinsa ba, amma kwano biyu na tuwo ya tashi da su a gidana.