Kumburin Ƙafar Maigida

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara. Ya ciwon gwiwarki?

Ƙaninki da sauƙi. Likita ta ce naman jikinsa ne ke kumbura daga ciki, shi ya sa kafaɗu da cinyoyi suka mutu masa. Mutumin da ke wuni a tsaye yana aski, yau sai na tallafe shi yake tashi daga kujera. Shagon yana rufe. Amma bakin nan nasa bai mutu ba, wai na samu jariri mai gemu.

Likitar ta ja mana kunne: masu irin ciwonsa jininsu kan daskare a jijiya, balle ga yawan kwanciya. In ƙafa ta kumbura ko numfashi ya yi wuya, kada mu jira. Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Matar ƙaninki

Zuwa ga Yaya,

Ina gaishe ki, ya ƙarin haƙuri? Ranar da kika kira kuka ya hana ni magana, ga yadda abin ya faru.

Da safe ya nuna min ƙafarsa ta hagu, ta kumbura, da zafi rau. Ba mu jira ba, Yaya, wallahi ba mu jira ba. Aka duba aka ga gudan jini, aka fara masa allurar tsinka jini, aka ba shi gado.

Washegari ya tashi da ƙarfinsa. Wani tsoho a gadon kusa da shi gemunsa ya yi buzu-buzu, ƙaninki ya ce idonsa ba zai iya gani ba. Ya ari almakashin nas, na riƙe masa gwiwar hannu, ya gyara wa tsohon tsaf. Rabon da in ga fara'arsa haka tun kafin ciwon.

Bayan azahar ya dafe ƙirji ya ce iska ba ta isarsa. Suka fitar da ni suka ja labule. Daga baya likitar ta zauna kusa da ni ta ce jinin ya ɓalle ya toshe hanyar huhu.

Yara suna makaranta, ni kuma ina lallaɓawa. Don Allah in kin samu hali ki zo ki raba kayan sawarsa. Na buɗe kabad ɗin, ƙamshinsa ya fito, na mayar na rufe.

Taki har kullum,
Matar ƙaninki