Sunan Ɗan Yunusa

Tajaye, Talata

Ƙanena Lurwanu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Na san akwai waya, amma maganar nan ba ta iska ba ce, shi ya sa na ba Illo direba takarda.

Jiya Bushira matar ɗana Yunusa ta sauka, namiji. Litinin suna. Ta aiko Goggo Delu ta gaya mini tana son a raɗa wa yaron sunan ubansa. Ka san nan garin ba a maida wa jariri sunan uba sai uban ya kwanta dama. Yau wata huɗu ke nan tun da Yunusa ya kira daga Libiya ya ce za su shiga ruwa, daga nan shiru. In na raɗa sunan, na bizne ɗana da bakina. In na hana, na hana mai jego abu ɗaya da ta roƙa.

Kai ka zaɓo wa Yunusa sunan nan kana sabon malamin lakwal, kana ji da karatun boko. To gaya mini daga ina ya fito da abin da yake nufi, don ban tambaye ka ba wancan lokaci.

Wanka, Habibullahi

Ƙonni, Alhamis

Yaya,

Bayan gaisuwa da ban girma, Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya.

Sunan na Ibrananci ne, harshen Bani Isra'ila. Su Yona suke cewa, ma'anarsa kurciya. Larabawa suka ce Yunus, mu muka ƙara masa wutsiya. Annabin kuwa an aike shi ga mutanen Ninawa, suka ƙi ji, ya fita da fushi ya shiga jirgin ruwa. Jirgi ya yi nauyi, aka yi ƙuri'a, ta faɗa kansa, kifi ya haɗiye shi. Malamai sun saɓa kan kwanakin da ya yi a ciki: wasu uku, wasu bakwai, wasu arba'in. Amma ya fito, Yaya, ya koma wa mutanensa.

Saura abin da na yi mako biyu ina ɓoyewa. Munkaila na Bazaga, abokin tafiyar Yunusa, ya dawo. Yana kwana a tasha, ya ƙi zuwa gida. Na zaunar da shi, na saya masa shayi, bai sha ba. Ya ce a bakin teku masu jirgi suka ga mutane sun yi yawa, suka sa a ja kara, mai guntu ya sauka. Yunusa ya ja guntu. Sai ya riƙe rigar Munkaila yana roƙo su yi musaya, wai ba zai koma Tajaye hannu wofi ba bayan abin da ka faɗa masa kan gonar fadama. Munkaila ya ba shi wurinsa. Ya tsaya yana kallo har jirgin ya zama kamar ƙwayar wake. Ba wanda ya sake jin labarinsa.

Na tambaye shi ko ya ga gawa. Ya ce: "Baba, teku ba ta nuna wa mutum komai."

Ka gafarce ni.

Ƙanenka, Lurwanu

Tajaye, Litinin

Lurwanu,

Gaisuwa. An yanka rago, an ci, an watse.

Abin da na faɗa masa kan gonar na tuna shi sarai, ba sai Munkaila ya tuna mini ba. Ka ce wa yaron ya tafi gida, uwarsa na jira.

Na raɗa sunan, Yunusa. Liman ya sunkuyo ya tambaye ni ko a haɗa da fatihar mamaci, na ce a yi ta jariri kawai. Ɗakin uban na sa an share, an rufe, makulli yana aljihuna.

Ka ce wasu malamai sun ce arba'in. Ka sake duba littattafanka a hankali, ko akwai wanda ya faɗi fiye da haka.

Wanka, Habibullahi