Wane Ne Maigidan Falmata?

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Kaltume,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki.

Kin san ni ba mai kai kuka ba ne. Tun ina jan igiyar shanun mutane a Kasuwar Shanu har na kai ga loda tirela zuwa Kudu, ban taɓa tsayawa layin tallafi ba. Takardar sakandarena ma tana ƙasan akwati, ba ta taɓa ba ni ko loma ɗaya ba.

Maganar autarki Falmata ce ta kawo ni. Tun rasuwar mijinta tana unguwar Bulumkutu a ɗaki ɗaya da marayunta. Da can ana ba ta tallafin masara da man girki duk wata, suna lallaɓawa. Sai aka ce an sauya tsari: babu hatsi kuma, kuɗi za a riƙa turowa ta waya, kuma sai an sake tantance kowa.

Ma'aikata suka zo suka tambaye ta wane ne maigida. Inna, ke kika rene ta. Yaushe Falmata za ta buɗi baki ta kira kanta maigida alhali yayanta yana raye? Sai ta faɗi sunana. Suka biyo ni gidana a unguwar Jiddari Polo, suka ga ginin bulo da ƙofar ƙarfe, suka cire sunanta daga cikin masu karɓar tallafi. Wai tana da mai ɗaukar nauyinta.

Ƙofa suka gani. Ba wanda ya tambaye ni yadda kuɗin mota ke cinye ribar bijimi tun kafin ya bar Borno, tun da aka janye tallafin mai. Yanzu dillanci nake yi wa yaran da na koya wa duba haƙorin saniya. Babbar rigata dai tana shan guga, shi ya sa har gobe ake ce mini Alhaji.

Na je gaishe ta makon jiya. Ta kawo mini shayi babu sukari, ta ce wai ta ji an ce likita ya hana ni. Ni da ita mun san babu wani likita. Na shanye.

Na tuna ranar da kika riƙe hannuna a gadon asibiti kika ce, “Bukar, Falmata amanarka ce.”

To, an gaya mini hanyar gyara ɗaya ce. In je gaban Bulama mai unguwa, gaban ma'aikatan, gaban duk wanda ya zo kallo, in ce ba na ciyar da ita, ba ruwana da gidanta. Waɗanda suka zauna a ofis suka tsara wannan, ko sun san abin da suke neman mutum ya furta da bakinsa?

Zan je, Inna. Marayun nan ba za su ci sunana su ƙoshi ba. In maganar ta iso miki, kada ki yarda da ita. Ba a ƙarƙashin wannan harshen zuciyata take ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya rufa wa Falmata asiri. Ni kuma Ya ba ni ƙarfin ɗaga kai gobe a gaban mutane.

Ɗanki na fari,
Bukar