Fiffiken da Kawu Ya Kafe

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Kaka.

Ki yafe mini wannan ƙarfin hali. Na san mamaci addu'a ake yi masa, ba wasiƙa ba, kuma ina yi miki bayan kowace salla. Na san ba za ki karanta ba. Ko da kina raye ma ba ke za ki karanta ba, ni ce zan karanta miki, ki riƙa tsayar da ni a kowane layi kina gyara mini baki. Amma akwai labarin da ya cika mini ciki, kuma duk wanda zan ba wa a gidan nan ya gaji kamar yadda na gaji.

Mun bar gidanmu na unguwar Ƙiblatain. Mai gidan ya ce zai rushe shi ya gina masaukin maziyarta. Umma ta samo mana shaƙƙa ta haya a wani bene a unguwar Jurf, ɗaki biyu da ɗan falo a hawa na uku, kuma da ƙafa ake hawa. Tashin ya faɗo daidai da jarrabawarmu ta sanawiyya, ta ƙarshen sakandare. Da safe in amsa tambayoyi a makaranta, da yamma in naɗe kwanuka a tsofaffin zannuwa. Ranar nan barci ya kwashe ni a motar makaranta har aka wuce unguwarmu. Umma ta rame. Ba ta kuka a gabanmu, sai dai takan tsaya riƙe da abu a hannu ta manta inda za ta kai shi. Baba kullum yana kan hanyar Makka da motar masu Umra, a waya muke jinsa. Ƙannena kuwa murna suke, wai sabon gidan yana kusa da filin ƙwallo. Har yanzu in sun ambace ki Sitti suke cewa, kamar yaran maƙwabta. Ni kaɗai kika hana. Kika ce ko in ce Kaka, ko in yi shiru.

Ban san inda kabarinki yake ba. Maza ne suka shiga da ke Baƙi'a. Ni da Umma mukan tsaya a bayan katanga mu yi wa kowa sallama, da fatan tamu za ta same ki a ciki. Tana samunki kuwa?

Maganar teburinki na zo da ita.

Kin sha ba ni labarinsa har na haddace. Marigayi mijinki ne ya samo shi a kasuwar gwanjo kuna amare, daga kayan wani tsohon gida kusa da Harami, ya ɗauko shi a ka har ɗakinku, mutane suna yi masa dariya. Ɗakin ba ya ɗaukar tebur, amma wannan mai naɗewa ne, in an sauke masa fukafukai biyun da ke gefensa bai fi taƙi biyu a faɗi ba, sai ya manne da bango kamar ba ya nan. Katakonsa ya yi duhu kamar dabinon ajwa. Ga shatin wuƙarki ta yanka goro a gefe guda, ga zoben da gindin butar shayi ya ƙona masa. Mu dai a ƙasa muke cin abinci kamar kowa. Teburin ya zama naki ne ke kaɗai tun da gwiwoyinki suka ƙi zaman ƙasa. A kansa kike ƙulla yaji da kuka, a kansa kike tsince dabinon da za ki ba wa baƙi. In alhazan gida suka zo ziyara a ɗaga fukafukai biyu. Sauran kwanaki guda ɗaya ya ishe mu, ni da ke, bayan la'asar.

Kuma akwai dokarki: in fiffike ya tashi, Larabci ya kwanta. Duk wanda ya zauna a nan Hausa zai yi. Ƙannena suka guje wa wurin tun suna ƙanana. Ni ce na maƙale, saboda 'yan'uwanki na Kano suna turo saƙo a waya da rubutun boko, ni kuma na san haruffan daga darasin Turanci. Kin tuna karatuna na farko? Kin yi dariya har tari ya sarƙe ki, kika ce Balarabiyar nan tana karanta Hausa kamar mai tauna tsakuwa. Sunan ya bi ni. A kan teburin nan na koyi rubutun da nake yi miki yanzu.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Kalmomi da yawa da nake tambayarki ma'anarsu, na san su. Ina tambaya ne don ki saki ƙullin yajin ki shiga bayani, daga bayani ki faɗa labari, labari ya kai mu magariba. A makaranta ba ni da baki, malamai ma sun sani. A nan kaɗai nake magana ba tare da zuciyata ta buga ba. Kin gane dabarar tawa? Ina jin kin gane, don wani lokaci kina bayanin kina kallona ta gefen ido.

Kin san sandar da ke juyowa a ƙasa ta tallafe fiffiken ta cinye, ba ta tsayawa da kanta. Ke kika gano maganinta: ƙwallon dabino guda, a cusa shi tsakanin sandar da katako. Ni da ke kaɗai muka san da shi. In an kira magariba ki zare ƙwallon, fiffiken ya faɗi da ƙararsa, ki kira Umma ta kwashe kofuna ta kawo miki ruwan alwala. Haka kullum. Me ya sa ba ki nuna wa kowa ba, Kaka? Ni ma me ya sa ban nuna ba? Wa zai zauna yana bayanin ƙwallon dabino?

A kwanakin ta'aziyya aka sauke teburin zuwa wurin maza, don a ɗora gahawa da dabino. Ina sama tare da mata, ban ma san an fita da shi ba. Suka ɗaga fukafukan, suka juyo sandunan, suka jera kaya. Ana cikin gaisawa fiffikenki ya faɗi, butar gahawa ta kife a kan tufafin wani dattijo. Kawu Usman, ɗanki, wanda ya taso daga aikinsa a Yanbu bai ko runtsa ba, kunya ta kama shi. A ranar ya kira kafinta. Aka sa wa kowane fiffike ƙarfe biyu a ƙasa, aka ɗaure su da ƙusoshi. Da aka dawo da teburin sama ya nuna wa Umma, ya danna shi da tafin hannu, ya ce yanzu teburin mahaifiyarsa ba zai ƙara faɗuwa ba. Don Allah ya yi, Kaka. Idonsa ja ne lokacin da yake faɗa. Wa zai ce masa ya ɓata?

Sai teburin ya zama ƙato a tsakiyar falo, kowa yana bugewa da shi. Ni kuma wani abu ya same ni da nake jin kunyar faɗa. Fukafukan a sama suke dare da rana. In na shiga falon sai bakina ya mutu. Larabci ba ya fita a gabansa, Hausa kuma babu mai amsa mini. Umma ta ɗauka baƙin ciki ne kawai, ta riƙa shafa mini kai.

Da tashi ya matso, Umma ta je ta dubo shaƙƙar ta dawo ta ce teburin ba zai shiga ba. Ko an hau da shi, babu inda zai zauna sai dai mu mu fita. Suka yi waya da Kawu, suka yanke cewa ranar kwasar kaya zai biya ta kasuwar gwanjo ya ajiye shi. Inda ya fito, can zai koma. Duk ina jin su. Na yi ta shirya maganar a raina, a mota, a aji, a kan sallaya. Duk yadda na jera ta, sai ta fito kamar ina gaya wa babba cewa ya yi kuskure a makokin mahaifiyarsa. Na gaji da shiryawa. Na ce wa kaina tebur ne kawai. Ban yarda ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Kawu ya zo da motar kaya. Aka fitar da katifu da firji da akwatuna, falo ya zama fayau, sai teburin. Ya kama gefe ɗaya, ya ce in kama ɗayan mu kai shi bakin ƙofa. Na ɗora hannu a kan shatin wuƙarki. Ban san sanda bakina ya buɗe ba, kuma da Hausa ya buɗe, tunda fiffike a sama yake. Na ce masa teburin ba ƙato ba ne, an hana shi naɗewa ne. Na ce in an cire ƙarafan zai shiga bayan ƙofa. Na gaya masa zancen ƙwallon dabino. Idona a ƙasa.

Ya saki gefen teburin. Ban taɓa jin Kawu ya yi Hausa da kowa ba in ba ke ba, har na ɗauka Hausarsa ta bi ki. Da ya yi magana, da ita ya yi, a hankali, kamar mai tafiya a ɗakin da babu fitila. Ya tambaye ni ko dokar tana nan har yanzu. Ashe shi ma a ƙarƙashinta ya tashi. A zamaninsa sandar lafiyarta lau, bayan tafiyarsa Yanbu ta cinye. Ya sauka wurin mota ya ɗauko abin kwance ƙusa, ya durƙusa da farar jallabiyarsa ta Juma'a a kan ƙurar falo, ya shiga ƙarƙashin teburin. Ina riƙe masa ƙusoshin a tafin hannu.

Da ya zare ta ƙarshe, fiffikenki ya faɗi. Ƙarar nan dai, ba ta canja ba.

Daga kicin sai muka ji Umma ta amsa na'am. Da ƙarfi, yadda take amsa miki. Ta fito da kumfar sabulu a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa tana duban inda kujerarki take a da. A nan ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar da aka fita da ke. Kawu yana zaune a ƙasa, bai tashi ba. Babu wanda ya rarrashi wani.

Shi ya hau da teburin har hawa na uku a Jurf, a ka, kamar yadda mahaifinsa ya yi. Bai yarda kowa ya taya shi ba.

Yanzu yana bayan ƙofar ɗakinmu ni da Umma, a naɗe, jikin bango. Ramukan ƙusoshin suna nan a ƙasansa, in na shafa ina jin su. Ba zan yi miki ƙarya in ce komai ya gyaru ba. Kawu ya koma bakin aikinsa. Akwatuna ba a gama buɗe su ba. Umma in na yi mata Hausa takan yi murmushi ta amsa da Larabci, don gajiya. Saƙonnin Kano sun ragu tun da aka gama gaisuwa. Na kwana biyu ina wuce teburin ban taɓa shi ba, don ban san wa zan ɗaga wa fiffike ba.

Yau bayan la'asar na ci dabino, na wanke ƙwallon, na ɗaga fiffikenki na cusa shi. Ya tsaya. Na zauna ina jira, ban san me nake jira ba. Sai na ɗauko takarda. Ga shi har an fara kiran magariba, kuma ban yi Larabci ko kalma ɗaya ba, in ban da sallama, ita kuma kin halatta.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya sa kina cikin maƙwabtan kirki a Baƙi'a. Zan zare ƙwallon yanzu, a hankali, in riƙe fiffiken da hannu kada Umma ta ji.

Kaka, in babu laifi, kin yarda in sake rubuto miki? Ba kullum ba. Ranar da na ɗaga fiffiken na rasa mai amsa mini kawai.

Jikarki, Balarabiyarki mai tauna tsakuwa,
Safiya