Maganar da na yi a rediyo ta raba ni da jikana

Assalamu alaikum Malama. Don Allah ki taimake ni da shawara, abin ya fi ƙarfina.

Ni dattijo ne a Gummi. Ban yi boko da ƙuruciya ba, sai da na haura hamsin na shiga ajin yamma na yaƙi da jahilci. Har yau ina tuna ranar da na karanta takardar zaɓe da kaina, ba wanda ya nuna mini inda zan dangwala. Shi ya sa ba na wasa da ƙuri'a.

Ɗiyata Kulu tana aure a Birnin Ƙonni, cikin Nijar. Shekara tara ba haihuwa, har Innarta ta rasu tana jira. Sai a daminar da sojoji suka yi juyin mulki a can Allah ya ba ta ɗa namiji. Malama, ban san ina da sauran gudu a ƙafata ba sai ran nan, gida-gida na bi ina faɗi. Mijinta Surajo ya bugo ya ce sunana za a sa wa yaron.

Saura kwana uku suna, ina gona da rediyona, aka buɗe layi ana tambaya ko ya dace ƙasashen yankinmu su tura soja su mayar da zaɓaɓɓiyar gwamnati. Na buga, aka ɗauka. Na faɗi cikakken sunana da garinmu, na ce a tura. Wallahi ƙuri'ar talaka nake wa kishi. Ko kaɗan ban kawo a raina Ƙonni ce garin farko da sojan zai taka ba.

Ashe surukaina ma tashar suke ji. Mahaifin Surajo ya ji ni a rumfarsa ta kasuwa, cikin mutane. Iyaka tana rufe, ban samu zuwa suna ba. A bakin wani direba na ji an sa wa yaro Anwar, ba sunana ba.

Yaƙin ba a yi shi ba, iyaka ma an buɗe. An ce yaro ya fara rarrafe, ni ko hotonsa ban gani ba. In na kira Kulu, gaisuwa kawai take yi ta ce tana da aiki. Har yanzu ina ganin juyin mulki ba daidai ba ne. In je in ce na sauya ra'ayi, alhali ban sauya ba?

Kakan da ke jira, Gummi

Amsa:

Wa'alaikumus salam Baba. Barka da samun ƙaruwa, Allah ya raya Anwar.

Kishinka ga ƙuri'a ba laifi ba ne, kuma ba sai ka yi ƙarya ba. Amma abu biyu ka haɗa: ƙin juyin mulki daban, kiran sojan waje daban. Ka duba kanka. Da ƙafarka ka tafi ajin yamma, shi ya sa abin ya zauna maka. Da a ce da bakin bindiga aka tasa ka, da tuni ka watsar. Sojan waje yana iya mayar da mutum kujera, amma ba ya sa jama'a su ji gwamnatin tasu ce, kuma ranar da ya tafi su zai bari da juna.

Surukanka kuwa ba siyasa suka ji ba. Sun ji kakan jaririnsu yana cewa a kawo wuta ƙofar ɗakin mai jego. Kulu tana tsakaninku, kada ka matsa mata.

Ka bar waya. Ka shirya ka tafi Ƙonni tare da dattijo ɗaya da suke ganin girmansa, da goro da kayan jariri. Ka fara sauka wurin mahaifin Surajo, a rumfar nan da ya ji ka, tunda cikin mutane ya ji kunya. Ka ce ka manta da su a maganarka, su yafe maka. Kada ka tayar da muhawara, ko da wani ya ja ka.

Maganar suna kuwa, ka haƙura, ta wuce. Yaron bai san me aka faɗa a rediyo ba, wanda ya ɗauke shi, shi zai sani. Ka je tun yana rarrafe.

Allah ya kai ka lafiya, ya sanyaya zukatansu.