Butocin da Ibu ta goge

Ibu,

Na yi sammako don kada a riga ni wurin shimfiɗa a kasuwar tsofaffin kaya.

Ɗazu na buɗe kwali na tarar da butocin tagulla sai ƙyalli suke yi. Jikarki Wening ta ce ke kika yini jiya kina dirza su da tsamiya da toka. Sannu da aiki, Ibu uwata, amma baƙin nan da kika kankare, shi mutane ke saye. Yanzu na rasa wacce ce ta zamanin kakanni, wacce na sayo sabuwa bara. Me zan ce wa mai saye?

Don Allah, sauran tsofaffin kayan da ke kwalin ƙarƙashin gado ki bar su da dauɗarsu. Da ita muke cin abinci.

Sutarno